Jitarka Tana Kunnen Hagu

Zuwa ga ɗana Mudi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sauke ka Chicago lafiya, kai da abokan tafiyarka, Ya tsare ku a hanya Ya tsare ku a masauki. Ummanka tana gaishe ka. Ita ce za ta cusa takardar a cikin akwatin jitarka, don ta ce nan ne kaɗai ta tabbata za ka buɗe.

Na san za ka ce me ya hana Baba turo saƙon murya, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban makirufo. To, abin da ya hana ke nan. Da zarar na ga ana ɗaukar muryata, ɗan rediyon ne yake fitowa, ya gyara maƙogwaro ya fara karanta labarai, ni kuwa ba shi nake so ya yi maka magana ba. Da Hausa na rubuta, kuma da gangan. Za ka sha wuya, za ka riƙa bin layi da yatsa, wata kalmar ma sai ka kira yayarka Hadiza ta fassara maka. Ka daure. Ina so ka karanta a hankali.

Bari in fara da ranar da ka kawo faifan. Kana wurin, na sani, amma abin da ka gani daban ne da abin da ke cikina.

Ka shigo bayan la'asar, ka ajiye shi a kan teburin falo, ka dubi ummanka, ba ni ba, ka ce, "Ya fito." Ka haye sama. Na ɗauka ina jujjuya shi. Ga hotonka ka sunkuya a kan jita kamar mai duba jariri, ga sunanka, ga sunana a bayan naka. Faifanka na farko. Na ɗauko tsohon hedifon ɗina na aiki, na zauna na saurare shi daga farko har ƙarshe.

Abin da na ji shi ne ogan ɗin maƙwabcinmu Mista Odel, abin kiɗan nan mai kama da piyano, ya cika ko'ina, ganga tana biye da shi. Jitarka kuwa tana can nesa, kamar ana kaɗa ta a gidan maƙwabta an rufe taga. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, yaron nan ya ajiye karatun injiniya, ya yi shekaru yana fama da yatsunsa har suka yi kanta, ga ranar da zai nuna kansa ta zo, sai kunya ta kama shi ya laɓe a bayan dattijo. Da muka zauna cin abinci ban iya haɗiye maganar ba.

Na ce, "Mudi, faifan nan naka ne ko na Mista Odel?"

Ka ajiye cokali. Ka ce, "Kamar yaya, Baba?"

Na ce, "Ban ji ka ba. An danne ka."

Ka ce ka gode, da Turanci, ka tashi ka bar tuwonka. Ummanka ta yi mini irin kallon nan nata wanda ba ya buƙatar fassara. 'Yan kwanakin da suka biyo baya, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Ranar Asabar da hantsi ka sauko ka same ni a falo, ka ce in nuna maka yadda na saurara. Na ɗauka rigima kake nema. Na sa hedifon, ka kunna, ka tsaya kana kallon fuskata. Can sai ka miƙo hannu ka cire shi daga kaina, ka juya shi, na hagu ya koma dama, ka mayar mini.

Mudi, sai ga ka.

Ashe duk kana nan, a gaba, kana magana dalla-dalla, ogan ɗin yana amsa maka ne kawai. Ka bayyana mini cewa irin haɗin mutanen da kuka yi, jita a kunnen hagu, ogan a kunnen dama, yadda ake yi a tsofaffin faya-fayen wannan kiɗa. Ni kuwa kunnena na hagu ya daɗe da tafiya ban yarda ba. Na ce ka je kicin ka kawo mini ruwa. Ba ƙishirwa nake ji ba. Kai ma ka gane, don ka daɗe kafin ka dawo.

Ga yadda kunnen ya tafi. Tun ina gidan rediyo a Kaduna na koyi sa hedifon a kunne ɗaya, na hagu, in bar na dama a buɗe don in ji abin da ake faɗa mini a situdiyo. Kuma ina ƙure sautin, saboda ina jin daɗin jin muryata ta cika mini kai. Injiniyanmu a nan Washington ya sha gaya mini in rage. Nakan yi dariya in ce kunnen Bahaushe ba ya lalacewa. Da na fara jin wani ɗan siririn fito idan na taso daga aiki, sai na ce ƙarar jirgin Metro ce. Da ummanka ta fara cewa ba na amsa mata, sai na ce ita ce take magana a ciki. Na koyi zama ta yadda kowa zai kasance a damata, har na manta dabara ce nake yi.

Don haka ka ji na farko. Robar nan ta toshe kunne da Hadiza ta sa aka yi maka daidai kunnenka, na gan ta a aljihun tebur ɗinka ba ka taɓa ba. Ummanka ta sa ta tare da takardar nan. Ka riƙa sa ta duk daren da za ka tsaya kusa da ganga, ko da abokanka za su yi maka tsiya. Manomi yana da gona, ɗan kasuwa yana da shago, kai kunnenka ne jarinka. Ranar da ka ji fito a ciki, ka je wurin likita a makon, kada ka nemi wanda za ka ɗora wa laifi kamar yadda na yi.

Akwai wani abu kuma a cikin wannan. Yanzu faifanka ya shiga hannun jama'a, kowa zai faɗi albarkacin bakinsa. Wani zai ce bai ji komai a ciki ba. Kafin ka ajiye cokali ka tashi, ka yi abin da ka yi mini ranar Asabar: ka duba da wane kunne ya saurara. Wani lokacin matsalar tasa ce. Wani lokacin kuma taka ce, sai ka gyara. Amma ba za ka sani ba idan ka haye sama ka rufe ƙofa.

Tun daga ranar nake sauraron faifan da kyau, kuma zan gaya maka gaskiya tunda ba gabana kake ba. A kiɗa biyun farko ina jin mutanen da kake kunnawa a ɗakinka tun kana sakandare. Ban san sunayensu ba, amma na san tafiyarsu, don sun daɗe suna ratso mini silin. Ka iya kwaikwayonsu sosai. Ni ma na taɓa iya irin wannan.

Lokacin da aka fara ba ni karanta labarai, akwai wani babban mai gabatarwa da duk Arewa ta san muryarsa. Na haddace yadda yake jan numfashi, yadda yake nauyaya ƙarshen jimla, har da ɗan tarin da yake yi. Na aika gida Malumfashi na ce a gaya wa Inna, kakarka, ta kunna rediyo ranar kaza. Da na je gida hutu, ina ta jiran yabo, na ce, "Inna, kin ji ni?"

Ta ce, "Na kunna. Na zauna har aka gama. Wani mutum ne dai ya yi ta magana."

Na ce, "Ai ni ne, Inna."

Ta ce, "A'a. Ni na san muryar ɗana."

Ba wasa take yi ba, kuma ba gatse ba ne. Ba ta gane ni ba ne kawai. Na koma Kaduna jikina a sanyaye. Sai da na ɗauki lokaci mai tsawo kafin na iya cire muryar mutumin nan daga bakina, kuma da farko abin da ya rage bai yi mini daɗin ji ba, siririya ce, tana da harshen Katsina. Amma da ita aka san ni, da ita aka ɗauko ni zuwa ƙasar nan.

A faifanka akwai kiɗan nan mai tafiyar hawainiya, wanda ka fara kai kaɗai kafin sauran su shigo. Ran nan na kunna shi a falo, ummanka tana kicin tana yanka albasa, sai ta fito da wuƙa a hannu ta ce, "Kai, Malam, mayar da shi baya." Na mayar. Ta ce, "Wallahi ni ce. Haka nake kiransa daga ƙasan bene." Na saurara, kuma haka ne: sauti biyu, na farko dogo ya hau, na biyu ya faɗo, Muuu-di. A kansu ka gina kiɗan gaba ɗaya. Ban san ko da saninka ka yi ba. Ta koma kicin tana share ido tana cewa albasa ce. A wannan kiɗan babu kowa sai kai. Can a Chicago za ka haɗu da waɗanda suka fi ka sauri, suka fi ka sanin littafi, za ka ji kamar ka zama su. Ka koya daga gare su, ka yi musu ladabi. Amma idan ka hau dandamali, ka kaɗa abin da ummanka za ta gane daga kicin.

Yanzu maganar Mista Odel.

Kai ka tashi ka gan shi kamar kawu, ba ka san yadda aka fara ba. Da muka zo ƙasar nan, ni a raina baƙo ne na ɗan lokaci. Kwantiragi zai ƙare, mu koma. Kowace shekara haka nake cewa, baɗi war haka muna gida. Da muka kama gidan nan na Largo, na hana ummanka sayen kujerun kirki, na ce wa zai kwashe su. Akwatunanmu suna kan kabad a shirye. Maƙwabcinmu na jikin bango kuwa, shekaru ina ɗaga masa hannu daga mota ban san sunansa ba. Na san dai baƙar fata ne ɗan ƙasa, yana sa kwat ranar Lahadi ya tafi coci, kuma da yamma wani irin sauti mai kauri yana fitowa daga ɗakinsa na ƙasa. Ni duk hankalina yana kan mutanenmu na Springfield da Annandale, can muke zuwa suna da buɗe-baki, can nake jin ni mutum ne.

Wata rana ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na gan ka a bayansa kana ɓuya, lokacin kana firamare. Ya gaya mini sunansa, ya ce ya daɗe yana ganinka zaune a kan matakalarsa duk sanda yake kiɗa, yau ya buɗe ya tambaye ka me kake so, ka rera masa abin da ya gama kaɗawa ba kuskure. Ya ce yana da tsohuwar jita ta ɗansa, yana neman izinina. Na ce masa mun gode, amma mu ba daɗewa za mu yi ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe," da irin nasu lafazin girmamawar, "tun yaron nan yana cikin keken jarirai nake ganinku."

Na ce ya shigo ya sha shayi. Ya zauna a kan kujerar roba, don ita ke gare mu.

Ka ga mutumin da ya zama ginshiƙin rayuwarka, bango ɗaya ne tsakaninmu, ni kuma ina can ina kallon akwati. Shi ya kai ummanka asibiti ranar da ta zame a ƙanƙara ina wurin aiki. Shi ya koya mini cewa kiɗan da kuke kira sol jaz daga cocinsu ya fito, daga kukan mutanensa da godiyarsu, shi ya sa yake da ɗumi kamar abincin gida. Ban ce ka manta inda ka fito ba. Amma idan ka isa Chicago, ka kwance jakarka. Ka rataye kayanka. Ka sayi tukunya. Ka san sunan wanda ke jikin bangonka a makon farko, ka kai masa abinci ko da na saye ne. Kada ka zauna a gari kamar mai jiran mota.

Kuma ka riƙa kiran Mista Odel. Ƙafafunsa ba za su bar shi ya bi ku ba, kai ma ka sani, shi ya sa kuka ɗauki wancan yaron mai ogan. Ranar da kuka gabatar da faifan a Washington, da yammacin Lahadi, bayan kun sauka ya zo ya zauna kusa da ni, ya zagayo ta damata da kansa ba tare da na roƙa ba. Yana haki. Na ce masa sannu da aiki. Ya ce, "Na yi wa mutane da yawa kiɗa a bayansu. Wannan ne na farko da sunana zai zauna a jikin abu bayan na tafi." Sai ya ƙara da cewa, "Kada ka gaya masa na gaji. Zai ce zai fasa tafiya." To, ban ce ka fasa ba, shi ma bai ce ba. Amma kada ka jira sai kana da babban labari kafin ka buga masa waya. Ka kira shi ka ce yau ka kasa wani wuri a kiɗa, ya za ka yi. Tsoho ba yabo yake nema ba, so yake a ci gaba da buƙatarsa. Ni zan riƙa leƙa shi, ummanka ta riga ta san ba ya son yaji a miyar taushe.

Wurin da kuka yi wasan nan, ka san ban taɓa shiga irinsa ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ga kwalabe jere a bango, na kasa shiga. Ummanka ce ta gyara mayafinta ta ce, "Ɗanmu muka zo gani," ta wuce gabana. Ba zan yi maka dogon wa'azi ba, ka san halal ka san haram, kuma ban taɓa jin warin komai a jikinka ba, alhamdu lillahi. Abu ɗaya zan faɗa, shi ma daga kaina na koya. Farkon zuwana, kunya nake ji in ce zan je salla a wurin aiki. Sai in tara su in kawo gida, in yi ta dungure a gajiye. Ina ganin kamar za a ce na cika fitina. Wata rana wata abokiyar aiki, wadda ba Musulma ba ce ma, ta dubi agogo ta ce, "Ba yanzu ne lokacinku ba? Je ka, zan riƙe maka." Ashe ba wanda ya hana ni sai ni. Saboda haka ka gaya wa abokan tafiyarka tun ranar farko: ba ka sha, kuma akwai lokutan da za ka ɓace na ɗan mintoci. Ka faɗa da fara'a, sau ɗaya. Idan ka bari sai an saba da kai a wata siffa, canzawa tana da wuya.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na ɗauki biro.

Ka san Hadiza ta kai ni wurin likitan kunne, ka san an ba ni na'urar ji. Ka kuma san abin da ya ce game da na daman, cewa shi ma ya fara, a hankali, ba wanda ya san yaushe. Na ji ummanka tana gaya maka a kicin, tana tsammanin ba na ji, ta manta ta tsaya ta gefen da ke aiki. Ta ce ka yi ƙoƙari ka fitar da faifai na biyu da wuri, tun Baba yana iya saurarawa. Na ji ka ce to.

Ni ban yarda da wannan to ɗin ba. Ummanka don ƙauna ta faɗa, amma ban amince ba. Kada ka yi gaggawa saboda ni. Kada ka shiga situdiyo da kiɗan da bai nuna ba don kana tseren kunnen tsoho. Idan shekara biyu yake buƙata, ka ba shi. Idan biyar ne, ka ba shi. Idan Allah Ya sa ina ji a lokacin, alhamdu lillahi. Idan kuma ba na ji, zan zo in zauna a gaba in kalli yatsunka, in kalli fuskokin mutane, na iya karanta wannan.

Ni dai na riga na fara nawa shirin. Kullum bayan sallar asuba da karatuna, ina zama in kunna faifan nan, kiɗa ɗaya a rana, in maimaita, in kashe, in bi shi a zuciyata in ga inda na ɓace, in sake kunnawa. Haka muka yi hadda muna yara, kuma ashe kan bai manta hanyar ba. Na kusa gamawa. Na ƙarshen ne yake ba ni wuya, inda kai da mai ganga kuke kore-kore, amma zan kama shi. Abin da ya shiga nan ciki, likita bai ce zai tafi ba.

A gidanmu uba ba ya yabon ɗansa a gabansa. Mahaifina bai taɓa yi mini ba, ni ma ban iya ba. Amma yanzu kana Chicago, ba ka gabana. Mudi, faifan ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai. Na ji ka.

Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya tsare maka imaninka da lafiyarka da kunnuwanka. Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin dare da na rana, Ya sa abin hannunka ya zama sanadin alheri gare ka da waɗanda za su saurara. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka ci abinci. Ka kira ummanka idan ka sauka, ita ba ta iya jira kamar ni.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
daga Largo.